Filin Wasanni: 'Yan Matan UCLA Da Kofin Da Aka Karɓe

Duk wanda ya zauna ya ƙirga wasannin ƙarshe da 'yan matan Jami'ar Kalifoniya ta birnin Los Anjelas, wadda aka fi sani da UCLA, suka ci a gasar ƙwallon sofbol ta jami'o'in Amurka daga 1982 zuwa 2019, zai sami 13. Amma in ya buɗe littafin NCAA, watau hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, kofi 12 kaɗai zai tarar an rubuta musu. Guda ɗaya an ci shi a fili gaban jama'a, kana aka karɓe shi a ofis bayan shekara 2. Labarin wannan ƙungiya ba ya cika sai an haɗa da kofin nan da ya salwanta.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Sofbol ƙanen besbol ne, kuma yana da ɗan kama da kurket. An ƙago shi a birnin Shikago a 1887. Kowane gefe 'yan wasa 9 ke tsayawa a fili. Mai jifa takan wurgo ƙwallo ta ƙarƙashin hannu daga nisan ƙafa 43, mai bugu kuwa ta tare shi da kulki, sa'an nan ta ruga ta kewaya zango 4 waɗanda ke da ƙafa 60 tsakanin kowane da na gabansa. In ta komo inda ta tashi ba a fitar da ita ba, ta ci maki guda ke nan. Turmi 7 ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara. Sunan wasan da Turanci yana nufin ƙwallo mai taushi, alhali kuwa ƙwallon da tauri yake, har ya fi na besbol girma.

A da can kuɗin wasanni a jami'o'in Amurka kusan duk wajen maza yake tafiya. A watan Yuni na 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan wata dokar ilmi, wadda sashenta na 9 ya hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin ɗalibai maza da mata. Shekara 3 bayan haka, watau a 1975, UCLA ta kafa ƙungiyarta ta sofbol, ta danƙa ta hannun Sharron Backus, wadda ita kanta gwanar wasan ce a zamaninta. Cikin ɗalibanta na farko akwai wata yarinya mai suna Sue Enquist, wadda da ita aka ci kofin ƙasa na 1978 a ƙarƙashin AIAW, ƙungiyar da ke shirya wasannin mata a lokacin. Shi wannan kofi ba ya cikin lissafin NCAA, domin hukumar ba ta fara gasar mata ba tukuna.

Da NCAA ta buɗe tata gasar a 1982, UCLA ce ta ɗauki kofin farko, bayan ta doke Jami'ar Jihar Kalifoniya ta Fresno da ci 2 da nema a birnin Omaha. Ta sake ɗauka a 1984 da 1985, duk da taimakon wata doguwar mai jifa, Debbie Doom. Daga nan sai ta jera 3, a 1988 da 1989 da 1990. A kakar 1992 kuwa wasa 54 ta ci, 2 kacal aka ci ta, ta kuma kammala da doke Jami'ar Arizona, babbar abokiyar hamayyarta. Tauraruwar wannan zamani ita ce Lisa Fernandez, wadda a shekara 4 da ta yi tana jifa ta ci wasa 93, aka ci ta 7. A ita kakar 1992 ɗin wasa 29 ta jefa wa nasara, ba wanda ya kā da ita ko sau ɗaya.

Sunan ƙungiyar bai tsaya a harabar jami'a ba. Sa'ad da aka shigar da sofbol cikin wasannin Olamfik a 1996, Amurka ta doke ƙasar Sin da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe, kuma bugun da ya raba gardama na Dot Richardson ne, tsohuwar ɗalibar UCLA wadda a lokacin ta riga ta zama likita, tana ƙwarewa a aikin ƙashi. Ita kuwa Fernandez lambar zinariya 3 ta kwaso, a 1996 da 2000 da 2004.

To, a tsakiyar wannan ɗaukaka ne aka yi tuntuɓe. A watan Maris na 1995, kaka ta riga ta yi nisa, sai ga wata mai jifa daga Ostareliya, Tanya Harding, ta shiga jami'ar. Da ita UCLA ta doke Arizona da ci 4 da 2 a wasan ƙarshe, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasa. Kwana kaɗan bayan haka ta koma ƙasarsu ba tare da ta zauna jarrabawar ƙarshen zango ba, duka zamanta bai kai wata 3 ba. Surutu ya yi yawa a jaridu, mutane suna tambaya ko ɗaliba aka ɗauka ko kuwa sojan haya.

Bincike ya tono wani abu dabam wanda ya fi wannan nauyi. A wancan lokaci NCAA takan ƙayyade wa kowane wasa yawan tallafin karatu da jami'a za ta iya rabawa, don kada mai kuɗi ta kwashe gwanaye duka ta bar sauran hannu rabbana. Sai aka gano cewa an rubuta tallafin waɗansu 'yan sofbol na UCLA a lissafin ƙungiyar mata ta ƙwallon ƙafa, abin da ya sa ƙungiyar sofbol ta zarce iyakarta a ɓoye. A 1997 hukunci ya fito. Aka soke kofin 1995, aka rage wa ƙungiyar tallafi, aka kuma hana ta shiga gasar ƙasa ta 1998. Kofin ba a miƙa wa Arizona shi ba, gurbin shekarar ya zauna babu zakara. Abin tausayi shi ne sauran 'yan matan da suka sha rana suna atisaye, waɗanda ba su riƙe alƙalamin lissafi ba. Ɓera ya yi sata, daddawa ta ɗauki wari.

Backus ta ajiye aiki a farkon 1997 bayan shekara fiye da 20, ragama ta koma hannun Enquist ita kaɗai, domin tun 1989 tare suke jagorancin ƙungiyar. Kakar 1998 ta zo da ɗaci, wasannin da aka ci su suka fi waɗanda suka ci yawa, abin da ƙungiyar ba ta saba gani ba. Masu hasashe suka fara cewa zamanin UCLA ya wuce. Ashe faɗuwar 'yar bori ce. A 1999 suka ci wasa 63, aka ci su 6, suka doke Jami'ar Washington da ci 3 da 2 suka ɗauki kofi. A 2003 mai jifarsu Keira Goerl ta yi turmi 9 a wasan ƙarshe ba ta bar 'yan Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun sami ko bugu ɗaya mai kai su zango ba, aka tashi 1 da nema. A 2004 suka sake kā da su.

Mai neman sanin abin da ya hana gidan nan rushewa sai ya dubi jerin masu koyarwarsa. Daga 1975 zuwa 2025, shekara 50 cur, mata 3 kaɗai suka riƙe ƙungiyar. Backus ta koyar da Enquist. Su biyun suka koyar da Kelly Inouye-Perez, wadda ita ke tsugunne tana cafe jifar Fernandez a kofunan 1990 da 1992. Ita ma ta yi shekara 13 tana mataimakiya kafin ta karɓi ragama a 2007, kana ta kawo kofi a 2010 da kuma 2019, inda Rachel Garcia ta jagoranci doke Jami'ar Oklahoma. Fernandez ma ta komo gida ta zama mai koyarwa a ƙarƙashinta. Saboda haka ranar da abin kunya ya auku, waɗanda suka tsaya gyara 'yan gida ne, ba baƙin da za su tattara nasu ya nasu su nemi aiki wani wuri ba.

Yanzu fagen ya cika da gwanaye. Oklahoma a ƙarƙashin Patty Gasso ta jera kofi 4 daga 2021 zuwa 2024, abin da UCLA ma ba ta taɓa yi ba, ta kai 8, daidai da Arizona. Jami'ar Texas ta ɗauki na 2025. Duk da haka har zuwa wannan shekara ba wadda ta kamo 12 ɗin UCLA.

Duk hukumar wasanni da ke jin kwaɗayin ɗauko ɗan wasan haya, ko gyara takardu don a ci kofin bana, tana da abin dubawa a nan. Kofi 7 na NCAA UCLA take da su kafin 1995, ba ta da wata bukatar ratse. Ratsen da aka yi ya ci mata kofi guda da kaka guda, ya kuma bar tabo a sunan da aka yi shekara 20 ana ginawa. Sauran 12 ɗin da aka samu ta hanyar gumi kuwa suna nan a littafi, ba mai ikon goge su.