Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Dokokin Amurka

Ya ku 'yan majalisa masu girma,

A watan Janairun 1961 Shugaba Eisenhower, wanda shi kansa janar ne, ya gargaɗi Amurkawa kan ƙawancen sojoji da masu ƙera makamai. Ga alama gargaɗin ya bi iska.

Ku duba kujerar sakataren tsaro. Mark Esper ya yi shekaru yana yi wa kamfanin ƙera makamai na Raytheon kamun ƙafa a ofisoshinku kafin ya hau ta a 2019. Lloyd Austin, da ya zo a 2021, daga hukumar daraktocin wannan kamfani aka ɗauko shi. Ba laifi ba ne a doka, kuma abin da ya fi damuna ke nan.

Dokarku ta 1995 ta wajabta wa masu kamun ƙafa yin rajista, madalla. Amma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010, kamfani na iya zuba kuɗin siyasa ta hannun ƙungiyar da ba ta bayyana masu ba ta gudummawa. Ma'aikatar tsaro kuwa, tun 2018 ba ta taɓa tsallake binciken asusunta ba.

Ku tilasta wa duk mai kwangilar makamai ya bayyana kowace dala da ya kashe a siyasa, da sunan wanda ya karɓa.