Masu haska wa direba ido da daddare

'Yan uwana Hausawa mazauna Yerwa, yau maganata a kan samarinmu ce, masu ɗaukar hoton motocin rakiyar amarya da daddare. In mun yi dare wajen rufe shagon babanmu a Kasuwar Kwastam, ina ganinsu kusa da gadar sama da aka buɗe a 2021. Motoci na gudu kamar ana tseren Dakar, su kuma sun sauko kan kwalta suna dalle wa direbobi fitilar waya a fuska.

Wallahi hoton ma ba ya fitowa. Filashar kyamara walƙiya ce ta kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, shi ya sa take tsayar da mota cak a hoto. Ta waya kuwa 'yar tocila ce, haskenta bai wuce 'yan taku ba, sai ka tashi da dishi-dishi kawai.

To direban fa? Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa. Ka kashe masa ido na daƙiƙa biyu, ya yi mita 33 a makance, ga Keke Napep, ga almajirai a bakin titi. In aka buge ɗan wani, ba za a ce wane ne ba, cewa za a yi yaran Hausawa ne.

Mai son hoto ya tsaya gefe inda fitilar titi ke haskawa, ya kashe ta wayarsa, ya bi motar da hannu tana wucewa. Motar za ta fito sarai, bayanta ya yi zane-zane.