KWAFIN DA KE ƊAKI ƊAYA DA NA ASALI BA AJIYA BA NE

Babu shakka a yau amanar rubuce-rubucen al'umma ta koma hannun matasa. Ɗan'uwa ne ke riƙe da sunayen ɗaliban makaranta a kwamfuta, shi ke riƙe da lissafin shagon mahaifinsa, shi ke da karatuttukan malamai na shekara da shekaru a waya ko a fulash. In an tambaye shi ko ya yi kwafi, sai ya ce ƙwarai kuwa. In an ce ina kwafin yake, sai ya nuna aljihun teburin da kwamfutar take a kai. To, a nan gizo ke saƙar.

A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg a Faransa. Gini ɗaya ya ƙone ƙurmus, wani sashe na maƙwabcinsa ma ya tafi, shafukan intanet miliyoyi suka ɗauke. Abin takaici, akwai waɗanda suka biya kuɗi musamman domin a riƙa yi musu kwafin ajiya, ashe kwafin yana nan inda na asalin yake, wuta ta haɗa su ta cinye. A shekarar 2023 wata kotun kasuwanci a birnin Lille ta umurci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya. Amma diyya ba ta dawo da abin da ya zama toka.

Kada wani ya ce wannan sakacin 'yan kasuwa ne kawai. A ranar 26 ga Satumba, 2025, batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon. Rumbun da ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardunsu, wanda ake kira G-Drive, ya salwanta da bayanai kimanin terabait 858, domin ba a yi masa kwafi a wani waje ba, wai ya yi girma da yawa. Ƙasar da ake buga misali da ita a fasaha ke nan!

Darasi na farko shi ne nisa. Dole ne kwafi ya kasance inda musibar da ta sami na asali ba za ta kai ba. Gidan maƙwabci yana iya tsira daga ɓarawo, amma ba zai tsira daga ambaliya ba. Mutanen Maiduguri sun ga haka a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni baki ɗaya. Wanda ya kai kwafinsa gidan da ke kallon nasa, ranar nan tare suka yi asara.

Sai dai nisa kaɗai bai wadatar ba. A ranar 27 ga Yuni, 2017, wata muguwar cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta ɓulla daga Yukiren, ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Kamfanin yana da kwafi da yawa na kundin da ke tafiyar da kwamfutocinsa, a ƙasashe daban-daban, amma duk a haɗe suke da juna, cutar ta bi layi ta shafe su. Guda ɗaya tak ya tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wutar lantarki kafin cutar ta iso. Aka ɗauko faifan ta Nijeriya zuwa Ingila, da shi aka tayar da kamfanin, bayan asarar da ta kusa dala miliyan 300. Darasi na biyu ke nan: a samu kwafi ɗaya wanda ba ya jone da komai.

Saboda haka masana suka tsaya a kan ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Ga ɗan'uwa mai ƙaramin ƙarfi, na farko shi ne na cikin kwamfutarsa. Na biyu faifan ajiya ne da za a cire bayan an gama kwafa, a kai shi wajen amintacce a wata unguwa ko wani gari. Na uku a ɗora a rumbun intanet, inda irin su Google ke ba da gigabait 15 kyauta.

Wani zai ce kuɗin data ya yi tsada. Gaskiya ne, amma ba kome ake ɗorawa ba. A fara da abin da in ya ɓace ba za a sake samunsa ba: rajista, lissafin bashi, takardun fili, karatun malamin da ya riga ya rasu. Wani kuma zai ce ai tun da yana intanet shi ke nan. A'a. Rumbun intanet kwamfutar wani ce a ginin wani, kuma wanda ya manta kalmar sirri ko aka rufe masa asusu ya rasa komai. Ya kamata mutum biyu amintattu su san kalmar, kuma a kulle fayilolin da ke ɗauke da sirrin mutane, domin amana ce.

Daga ƙarshe, a riƙa buɗe kwafin lokaci zuwa lokaci a tabbatar yana aiki, don fulash yana mutuwa ba tare da sallama ba. Manomin kirki ba ya zuba irin shukarsa a rumbun da ake ci daga ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali ruwa yake shafa wa nasa. Allah ya sa a gane, ya kiyaye al'umma daga da-na-sani.