Martani: Waƙar Raha Ba Ta Zubar Da Mutuncin Mawaƙi

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce mawaƙin da ya rabu da 'yan amshi, ya fito shi kaɗai da waƙoƙin raha, ya zubar da mutuncin sana'a. Wallahi ban yarda ba.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, wa ke yi masa amshi? Shi ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Je ka tashar Makarfi lokacin lodin rake, ko Hunƙuyi, ko Ikara, ka tambayi dattawan direbobi game da "Waƙar Karen Mota". Cikin barkwanci ya ba yaron mota daraja, a zamanin da manyan makaɗa ke bin fada da attajirai. A "Gulma Wuya" kuwa ya tona asirin magulmaciya da bokan da ke raba aure. Wannan ne kake kira shashanci?

Ko a Ingila an yi irin wannan gaggawar yanke hukunci. Da mawaƙi Paul McCartney ya fitar da faifansa na farko shi kaɗai a 1970, masu sharhi suka yi masa caa, wai aikin bai nuna ba. Amma duk da haka faifan ya zo na ɗaya a jerin Billboard na Amurka.