Inji Sabon Ɗauri Yana Hayaƙi: A Auna Kafin a Kwance

Duk wanda aka taɓa ɗaure wa inji ya san maganar nan ta bakin gareji: "Bari ringi ya zauna, zai daina." Ita ake faɗa wa mai mota idan salansa ta fara fitar da hayaƙi, ko silo ya ƙi tsayawa, allura tana hawa tana sauka. Akwai gaskiya a maganar, amma gaskiya ce mai wa'adi. A ganina, asarar da ake tafkawa bayan ɗaurin inji ba ta cika fitowa daga rashin iya ɗauri ba. Ta fi fitowa daga halaye biyu: jiran da ba a sa masa iyaka ba, da canjin kaya bisa zato. Maganinsu guda ne, wato awo. Lamarin ya fi tsanani a motoci masu ƙarfin gudu, irin BMW E36 da E46 da samari ke wasan mota da su a Abuja da Kano, domin injinsu ba ya yafe ƙaramin kuskure.

Mu fara da abin da ake nufi da zaman ringi. Lokacin ɗauri ana goge bangon silinda, a bar masa ƙananan zane masu gicciye da juna. A sa'o'in farko na aiki, ringi yana gugar wannan zane har su dace. Abin da ke manna ringi da bango shi ne matsin wuta daga saman fistan, kuma matsin yana ƙaruwa ne idan inji ya ɗauki nauyi. Saboda haka al'adar barin sabon ɗauri a silo tun safe har azahar, wai don a lallaɓa shi, cutarwa ce. Bangon yakan yi santsi kamar gilashi kafin ringi ya kama, daga nan kuwa mota ta dinga shan baƙin mai ke nan har sai an sake kwancewa. Abin da ya dace shi ne a hau titi, a riƙa taka totur matsakaici ana saki, ba tare da kai allura ƙarshe ba.

Shi ma hayaƙin yana da bayani a launinsa da lokacin fitowarsa. Shuɗi alamar baƙin mai ne ke ƙonewa. Idan yana fita da tashin farko da safe, ko lokacin da aka saki totur a gangare, a fara zargin robobin bawul. Idan kuwa sai an taka yake turnuƙewa, a duba ringi, wataƙila an kifa ɗaya, domin yawancinsu suna da alamar gefen da ke kallon sama. Fari mai kauri mai ɗan zaƙin wari, wanda ruwan lagireto ke raguwa tare da shi, yana nuna gasket ko tsagewa a kan inji. Baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Akwai hayaƙin da ba shi da laifi: man da aka shafa wa kaya lokacin ɗauri, da wanda tsohon inji ya bari a cikin salansa. Wannan yana raguwa da kowace tafiya. Hayaƙin da bai sauya ba bayan kilomita 800 zuwa 1,000 ya wuce batun haƙuri.

Baƙin hayaƙi ake rainawa, alhali shi ne mai kisan mummuƙe. Injin fetur yana son awo 14.7 na iska ga awo 1 na mai. Idan fetur ya zarce, rarar tana wanke baƙin man da ke bangon silinda, sabon ringi ya goga a bushe. A nan al'adarmu ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye take yin ɓarna. Inji ba ya kai zafinsa na aiki, wanda ke kusa da digiri 90, sai kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur. Tun bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ma asara ce biyu, ta inji da ta aljihu.

Silo kuma, yawancin injuna suna zama tsakanin juyi 600 da 900 a minti. Idan ya ƙi zama bayan ɗauri, babban abin zargi shi ne iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya: tiyo da ya tsage, ko wanda aka manta ba a mayar ba. A injunan M52 da M54 na BMW, robar shigar iska da bawul ɗin da ke zuƙe tururin mai sun yi suna wajen wannan, kuma shi bawul ɗin idan ya lalace yana iya haɗa rawar silo da shuɗin hayaƙi a lokaci guda. Mutum sai ya sa a sauke inji saboda roba. Bayan iska sai taimin, domin haƙori ɗaya da aka tsallake ya isa ya hana inji natsuwa. Wanda ya sa kamshaf na tsere kuma ya sani cewa ɗan tsallen silo halinsa ne, tun da bawul na shiga da na fita suna daɗewa a buɗe tare.

Duk wannan ana iya tantance shi ba a kwance inji ba. Agogon zuƙar iska kan nuna inci 17 zuwa 22 a lafiyayyen inji na kamfani, ƙasa da haka a mai kamshaf na tsere. A wuri mai tudu kamar Jos, adadin yana sauka da kusan inci 4. Awon matsi yana nuna ko silinda sun yi daidai, kuma bambancin bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba. Idan aka hura iska cikin silinda aka saurara, fitarta ta murfin baƙin mai ringi ne, ta salansa bawul ne, kumfa a lagireto kuma gasket. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da mahaɗar OBD-II, inda na'ura ke nuna yawan fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa. Idan ƙarin ya yi yawa a silo ya ragu da an taka, iska ce ke sata.

Za a ce bakanikenmu yana gane ciwon inji da kunne, kuma kayan awo kuɗi ne. Ban raina kunnen wanda ya shekara 30 a ƙarƙashin mota ba. Sai dai kunne ba ya shiga takarda, kuma ranar da rigima ta tashi, mai mota yana cewa an cuce shi, bakanike yana rantsuwa, babu mai raba gardama sai lamba. Kuɗin agogon matsi bai kai na saitin ringi da gasket da za a sake saye a Kofar Ruwa ko Panteka ba.

Don haka, mai karatu, kafin ka karɓi makulli ka nemi abu uku: awon matsin kowace silinda a rubuce, tabbacin tamostat yana wurinsa, da yarjejeniyar kilomita nawa za a jira kafin a sake dubawa. Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushin wannan ba, domin takardar da ta kare ka ita ce za ta wanke shi idan laifin ba nasa ba ne.