"Yanzun nan zan fito"

Wannan makon ba canjin sefa za mu taɓa ba. Maganar ajiye mota ce, kuma na san wasu alhazan ba za su ji daɗinta ba.

A duk unguwar baƙi da na sani, daga Zangon Kwatano inda nake zaune, zuwa Nima a Akara da Aboabo a Kumasi, akwai wata ƙarya guda da muka mayar ba komai ba: "Yanzun nan zan fito." Mutum ya gindaya mota a bakin lungu ko a ƙofar garejin wani, ya kulle, ya jefa makulli a aljihu, ya shige kasuwa. Yanzun nan ɗin kuwa ta haɗa da ciniki, da gardamar canji, da shayi, da sallar la'asar. Wanda aka toshe yana nan yana danna oda, yara na bin shago shago suna cigiyar mai farar Toyota.

Unguwannin nan namu ba don mota aka yanka su ba. Waɗanda suka kafa su fataken goro ne da masu shanu, da ƙafa suka zo, kaya a ka ko a bayan jaki. Lungu da yawa mota ɗaya yake ɗauka, ita ma da dabara. Saboda haka wanda ya tsaya a bakinsa ba mutum ɗaya ya tare ba, layi guda ya rufe, har da mai naƙuda da ke ciki, da tsohon da za a kai asibiti. Duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Kantamanto a Akara a farkon Janairun 2025 ya san gobarar kasuwa ba ta jiran a nemo mai makulli. Motar kashe gobara hanya take so, kuma a take.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sunan da muke jawo wa junanmu. Akwai wata dattijuwa 'yar ƙasa, Bafon ce, gidanta na kallon sitona. Ran nan motar albasa ta iso, aka tsayar da ita daidai ƙofarta tun hantsi, direba ya tafi neman abinci, yaron mota ya bi shi. Jikarta za ta kai ta asibiti a mota, babu hanyar fita. Sai da aka ɗora tsohuwar nan a kan zem, wato ɗan acaɓa mai rawayar riga, tana riƙe da ƙugu. Da ta dawo ba ta tambayi sunan direba ba, ba ta tambayi mai albasa ba. Ni ta kalla, ni da ba ko buhu ɗaya nawa a ciki, ta ce haka muke. Shekara da shekaru muna gaisawa da matar nan, amma ranar nan ni ma direban albasa ne a idonta.

Haka abin yake ga baƙo. Ɗan ƙasa in ya yi mugun fakin, wane ne ya yi. In kai ne, Hausawa ne suka yi, 'yan Zango ne suka yi. Lambar motarka ma tana faɗa maka ƙasa tun kafin ka buɗe baki, ko ta Nijar ce ko ta Najeriya. Kuma hukuma in ta tashi ba ta tsince mai laifi. Mazauna Kwatano ba su manta farkon 2017 ba, lokacin da aka shiga share gefen tituna daga rumfuna da tebura, har maganar ta kai ga sallar Juma'a a kan titi, sai da malamai suka zauna da Shugaba Patrice Talon. Ba na cewa fakin ɗinmu ne ya jawo wannan. Abin da nake cewa, ranar da irin wannan ta taso, maƙwabcin da ka sha toshe wa ƙofa ba zai tsaya maka ba.

Tunda an zo kan Juma'a, bari in faɗi wadda kowa ke gani yana kau da kai. Wanda ya zo a makare shi ne ke jefar da mota a bayan ta mutane, don kada raka'a ta wuce shi. To, an ji. Amma kuma shi ne na ƙarshen fitowa, domin sai ya gaisa da liman, ya gaisa da sarkin Zango, ya karɓi bashi a wurin wani. 'Yan agaji na iya ƙoƙarinsu, sai dai yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya ce wa mai babbar riga ya gyara ba. Da ya matso sai ka ji, "Kai, ka san ko ni wane ne?" Ya sani mana, Alhaji. Shi ya sa ya yi shiru.

Gyaran kuwa ba ya cin ko dala. Rubuta lambar wayarka a takarda ka ajiye a jikin gilas, kuma in an kira ka ɗauka. In da yaron shago da ya iya tuƙi, bar masa makulli. Mai babbar mota ya sauke kaya bayan asuba kafin gari ya cika, maigidan da aka kawo wa kayan shi ne zai leƙa ya sanar da maƙwabta tun dare, domin direba gobe ya kama hanya, shi kuwa yana nan da su. In dole ce ta sa ka tsaya a ƙofar mutum, ƙwanƙwasa ka nemi izini. Sau da yawa za a ce maka ba komai, a ma nuna maka inuwa.

Wani abin dariya, a Gana in Ba'ashante zai ba ka haƙuri yakan ce "kafra", kalmar da ake cewa daga "gafara" tamu aka aro ta. Mun ba su aro, mu kuma in muka kama sitiyari sai oda da harara. Mutum ya tsaya ya ba ka hanya a mahaɗa, ɗaga hannu kawai ya gagara.

Saura ku da ake toshewa. Na ga masu sace iskar taya, na ga masu kartar fenti da ƙusa. Sace iska ƙara wa kanka zama ne, don motar da ka so ta tashi yanzu sai an nemo mai faci. Kartar fenti kuwa ofishin 'yan sanda za ta kai ku, kuma a can baƙi biyu ne suka zo da rigima, kowa sai an nemi takardunsa na zama. Ɗauki hoton motar da lambarta, ka kai wa shugaban 'yan kasuwar layinku ko fadar sarkin Zango. In mai motar ya maimaita, a faɗi lambar a lasifikar masallaci bayan sallah, ba sai an ambaci suna ba. Kowa ya san motar kowa.