ZAMAN MAKOKI KO MAJALISAR HIRA? WA ZAI TSAYA WA MARAYUN RIMIN GADO?

Akwai wata musiba da ta shigo ƙauyukan ƙasar Kano a sannu, ba ta yi sallama ba, har ta samu tabarma ta zauna, kuma babban abin takaicin shi ne jama'a sun daina kallonta a matsayin musiba. Wannan kuwa ita ce yadda aka mayar da zaman makoki ya koma majalisar hira, gidan da aka yi rashi ya koma tamkar gidan biki, sai dai kawai ba a kira makaɗi ba. To ko makaɗin ma ba za a ce bai zo ba, tunda kusan kowane mai gaisuwa yana ɗauke da nasa a aljihu.

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza ya shiga ƙasar Rimin Gado, ba sai an nuna masa gidan da aka yi mutuwa ba. Ga rumfar haya an kafa, ga kujerun roba an jera, ga babura a gindin bishiya. Mai gaisuwa zai zo ya durƙusa, a ɗaga hannu a yi addu'a, ya ce ya haƙuri, a ce da godiya. Hannu bai gama sauka daga fuska ba sai a koma inda aka tsaya: wa ya ci wa a ƙwallon Ingila daren jiya, ina aka kwana a Labarina, wane ne ya fi wane iya wasa a Izzar So ko Daɗin Kowa, wane mawaƙi ne ya saki sabuwa, wane ɗan siyasa ne ya ba shi mota. Dattawa na nasu musun a kan taki da zaɓe, samari sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya. Ƙasar kabarin mamacin ko bushewa ba ta yi ba. A cikin gida kuwa matarsa tana ɗaki ta rufe kai, tana jin shewar da ake yi a bayan katanga.

Abin bai tsaya a ƙofar gida ba. An sha ganin liman ya ɗaga hannu ya yi kabbarar farko a kan gawa, sai wata waƙar soyayya ta ɓarke daga aljihun wani a tsakiyar sahu, mai wayar yana ta lalube, sauran jama'a suna danne dariya. Sallar da gaba ɗayanta kabbara huɗu ce, ba ruku'u ba sujada, an kasa ba ta 'yan mintocinta. A maƙabarta ma ana saka mutum a kabari wasu sun juya baya suna amsa kira, wasu sun ɗaga waya sama suna ɗaukar hoto. Kafin a dawo gida an haɗa hoton marigayin da wata waƙa mai taushi an saka a WhatsApp da Facebook da TikTok, an rubuta Allah Ya jiƙansa a ƙasa, shi ke nan wai an sauke nauyi. Sau nawa 'ya da ke aure a wani gari take fara ganin mutuwar mahaifinta a wayar maƙwabciya, kafin a aiko wani babba ya gaya mata cikin hikima? Har hoton gawa a cikin likkafani ana yaɗawa, alhali shari'a ta ce mai wankan gawa ma ya rufe abin da ya gani. Wal'iyazu billahi.

Maganar ba ta halaccin talabijin ko haramcin waƙa ba ce, wannan fage ne daban da malamai suka daɗe suna fafatawa a kai. Talabijin ta daɗe a Kano. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV tun farkon shekarun 1980, amma a wancan lokacin akwatin yana zaune a gidan mai hali, ba ya bin mutane maƙabarta. Wayar salula ta shigo a 2001, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, daga baya babbar waya ta zuba wannan duka a tafin hannun ɗan ƙauye. Abin tambaya shi ne, a cikin kwanakin shekara kaf, kwana uku kacal ba za a iya ɗaga wa maƙwabci ƙafa ba?

Mai karatu ya duba abin da mamaci yake bin rayayyu, zai ga ba shi da yawa, kuma babu rumfa a ciki. A yi masa wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a binne shi, a kuma gaggauta. Wannan farali ne na kifaya, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani a zaure ya san babin, ya san ana wankan ne wutiri da ruwa da ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya sallaci gawa yana da ƙiraɗi ɗaya na lada, wanda ya tsaya har aka binne yana da biyu, kowane ƙiraɗi kamar dutsen Uhudu. Manzon Allah (SAW) idan an gama binnewa yakan tsaya a kan kabarin ya umarci sahabbai su nema wa ɗan'uwansu gafara da tabbata, domin a lokacin ake yi masa tambaya. Wannan shi ne lokacin da yau ake ruguguwar komawa gindin rumfa don kada a rasa kujera. Kuma a unguwa nawa ne za a tara samari 50 masu iya lissafo 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci, a rasa biyu da suka iya wankan gawa? Sai a yi ta jiran wani tsoho guda, ranar da shi ma ya kwanta dama sai a rasa mai yi masa.

Sai maganar abinci, inda aka kifar da sunna aka ɗora ta a kan kanta. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar bin Abi Ɗalib (RA) a yaƙin Mu'uta ya iso Madina, a shekara ta 8 bayan hijira, umarnin da Manzon Allah (SAW) ya bayar shi ne a dafa abinci a kai wa iyalan Ja'afar, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Maƙwabta ke dafawa, masu rashi ke ci. Sahabi Jarir bin Abdullahi (RA) ma ya ba da labarin cewa su a wurinsu taruwa a gidan mamaci bayan binnewa da dafa abinci suna lissafa shi cikin kukan mutuwa da aka hana. Yau kuwa gidan mutuwa shi ke ɗora tukwane tun safe. A buɗe rumbun mamaci a ɗebo dawa, a sayo shinkafa da manja bashi, a kama akuyar matarsa, a sayo ruwan leda, a biya kuɗin rumfa da kujeru kullum, wani wurin har da man janareto don masu gaisuwa su yi cajin waya. A da ana yin 'yar gumba ko waina a raba wa yara da almajirai a watse. Yanzu ƙosassu ne ke zama su ci, su kuma tashi suna kushe miya.

An sani sarai malamai sun yi saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Wasu sun ce bidi'a ce, wasu sun ce sadaka ce da addu'a, kuma ladansu yana isa ga mamaci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun kafin jihadin 1804 ya ware babi a Ihya'us Sunna a kan jana'iza da maƙabarta, yana rarrabe sunna da abin da mutane suka ƙirƙira. To amma a ajiye wannan saɓani gefe, domin akwai inda ba a saɓa ba. Babu malami ɗaya, na ɗariƙa ne ko na Izala ko wanin su, da ya halatta a yi sadaka da dukiyar maraya. Da zarar rai ya fita, dukiya ta tashi daga hannun mai ita. Tsarin fiƙihu a bayyane yake: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa daidai gwargwado, sannan a biya bashi, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage na magada ne. A wane layi shinkafar 'yan hira ta shiga? In akwai yaro ƙarami a cikin magada, kowace loma da aka ci daga rumbun nan akwai haƙƙinsa a ciki, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta gaya wa masu cin dukiyar marayu da zalunci abin da suke zubawa a cikinsu.

Bashi kuwa ba a ma tuna shi. Manzon Allah (SAW) ya taɓa ƙin sallatar wani mutum saboda ana bin sa 'yan dinarai, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. A nan kuwa mai shago da ke bin marigayi kuɗin taki yana zaune a gindin rumfar, kunya ta hana shi magana, ana miƙa masa kwanon abincin da aka dafa da kuɗin da ya kamata a biya shi.

Wanda bai san ƙasar ba zai ce abin bai kai a ɗaga murya ba. Rimin Gado tana da nisan kimanin kilomita 20 ne yamma da birnin Kano, faɗinta murabba'in kilomita 225, kuma ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 100,000 a cikinta, wato fiye da mutum 450 a kowace murabba'in kilomita, tun a wancan lokacin. Daga Gulu zuwa Tamawa, daga Jili zuwa Yalwan Ɗanziyal, gona tana manne da gona, babu dajin da za a sara a yi sabuwa. Gandun da kaka ya noma an raba shi tsakanin 'ya'ya, an sake rabawa tsakanin jikoki, har ya koma 'yan kunyoyi. Magidanci a nan abin da ya bari bai wuce wannan 'yar gonar ba, da abin da ke rumbu, da 'yan awaki. In mutuwar ta zo da bazara, rumbun ma ya kusa ganin ƙasa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma kowa ya san inda farashin kwanon abinci ya nufa. A irin wannan gida kwana bakwai na ciyar da taro yana iya cinye abincin wata biyu. Daga nan sai bashi, daga bashi sai a ba da gona jingina, daga jingina sai dillalan filaye, waɗanda dama birni yana ta matsowa ta wannan hanya suna zagaye da ƙauyukan kamar ungulu. Mutuwar wani tashin wani. Wanda ya ci shinkafar ya manta tun ranar, maraya kuwa zai girma ya ga an yanka gonar ubansa fuloti-fuloti.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa hira tana ɗebe wa masu rashi kewa. Gaskiya ne ba a ce a zauna ana zare ido kamar gumaka ba, amma a tambayi ɗan da ya binne ubansa da safe ko musun Labarina ya sanyaya masa zuciya. Abin da ke sanyaya ta shi ne a ambaci alherin uban, a yi masa addu'a, a tashi a ba shi wuri ya huta. Suna cewa baƙon da ya zo daga Katsina ko Zariya dole ya ci abinci. Babu musu, amma maƙwabta ne za su ciyar da shi, kuma baƙin nesa nawa ne a cikin taron? Akasari 'yan unguwa ne da gidajensu ke bayan katanga. Hujja ta uku ita ce ta gaskiyar, wato tsoron bakin mutane, kada a ce an binne wane kamar ba shi da kowa. Wannan tsoro kuwa daga sama ya gangaro. Masu kuɗi da 'yan siyasa ne suka mayar da ta'aziyya fagen nuna isa, a zo da jerin motoci da masu kyamara, da dare a nuna a labarai. Talaka ya gani a talabijin, shi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya leƙa inda aka riga aka yi nisa. A Ingila wani kamfanin binne gawa mai suna Co-op Funeralcare yakan fitar da jerin waƙoƙin da aka fi sakawa a wurin jana'iza, waƙar My Way ta Frank Sinatra ta daɗe a sahun gaba, akwai masu zaɓar taken kulob ɗin ƙwallo ko kiɗan buɗe wani shirin talabijin, kuma a jerin 2019 babu waƙar coci ko ɗaya a goman farko. A 2020 duniya ta sha kallon 'yan Gana masu rawa da akwatin gawa. Wannan al'adarsu ce, su ta shafa. Amma abin lura, a nan gida Nijeriya, kashe kuɗi a bikin binne gawa ya kai matsayin da sai da jihar Anambra ta kafa doka a 2019 don taƙaita shi, saboda yadda yake talauta iyalai. Musulmi da aka ba shi jana'izar da ba ta fi ƙarfin kowa ba, 'yan yadin alawayyo da makarar masallaci da itacen rufe kabari, shi ne kuma yake neman sayo wa kansa wahalar da wasu ke neman hanyar fita daga cikinta.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Kano. Liman yana da baki: kafin ya yi kabbara ya ce a kashe waya, ya tambaya a fili ko akwai mai bin marigayi bashi da wanda ya ɗauki nauyin biya, ya kuma ware rana ya koya wa samari wankan gawa, malamai mata su koya wa mata. Mai unguwa ya raba wa gidajen maƙwabta kwanaki uku na abinci, a hana ɗora tukunyar taro a gidan rashi. Kuɗin rumfa da kujeru a tara su a kai wa mai takaba, wadda za ta yi wata huɗu da kwana goma bayan kowa ya watse. Dagatai kuma su ne ke sa hannu a takardun cinikin gona, don haka duk gonar da aka san akwai rabon maraya ko na mace a cikinta, kada dagaci ya ɗora biro a kai sai an kawo masa shaidar cewa an raba gadon, in kuma akwai yaro ƙarami, sai maganar ta je gaban alƙali.